Ranar da Na Kasa Shigar da Tirela Garejin Surukina

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da gashin kaina yake nan cif kuma wannan tumbin bai iso ba tukuna, ni direban atikuleta ne a tashar jiragen ruwa ta Tema. Atikuleta ita ce babbar motar nan mai jan kwantena. Ba yabon kai ba, a zamanin in ana zancen komawa da baya da kaya, sunana yana cikin ukun da za a fara ambata, ni kuwa a raina na san sauran biyun kara kawai ake musu. Inda wani direba zai sauko sau biyar yana leƙe yana sosa ƙeya, ni sau ɗaya nake duba madubi in cusa kwantena tsakanin 'yan'uwanta, in kashe mota in tafi neman koko. Da wannan girman kan nake yawo a Nima, unguwarmu a Accra, har tafiyata ta bambanta da ta direbobin trotro, ƙananan motocin haya.

A shekarar ne matata ta haifi 'yarmu ta fari. Kamar yadda aka saba, a gidan iyayenta ta haihu, a Mamobi, inda za ta yi wankan jego, in an yi arba'in a mayar da ita ɗakinta da gara. Ni ina Nima, ɗaki da falo a gidan haya, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a ƙafa ba. Na ƙirga kwana arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da suka cika na share ɗaki har ƙarƙashin gado, na wanke labule, na ɗaura sabon gidan sauro, na zauna ina sauraren ƙarar mota. Har rana ta faɗi ba wanda ya zo.

Surukina Alhaji, Allah ya jiƙansa, dattijo ne ɗan kasuwar goro. Mahaifinsa daga Sakkwato ya zo, don haka Hausarsa cikakkiya ce, in yana magana mu 'yan Zango da mace da namiji duk "ya" ne a bakinmu sai mu ji kamar an kunna rediyo. Matata ce autarsa. Yayyenta duk sun watse, wani Kumasi, wani Legas, wata aure ya kai ta Tamale. Da na je jin dalili, na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure na durƙusa, ido a ƙasa, sai ya ce yarinyar tana ɗan mura, a bari mako ya zagayo. Mako ya zagayo, ya ce ƙanwarsa za ta zo daga Kumasi ta ga jaririya. Ta zo, ta gani, ta koma, sai ya ce ai wata ya kusa ƙarewa, gara a bari sabo ya kama. Duk abin da ya faɗa amsata ɗaya ce: "To, Baba." In an kawo mini 'yata in gani, kafin hannuna ya yi ɗumi ya miƙo nasa ya ce, "Kawo mini amaryata, ta gaji."

Abin ya fara yi mini ciwo da gaske. Na ci dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da kifi a bakin titi har mai sayarwa ta daina tambayata nawa zan saya. Wannan ma mai sauƙi ne. Matan gidanmu sun fara gaishe ni da wata irin murya mai tausayi, irin wadda ake gaida wanda aka yi wa rasuwa. Wata rana ina wanki a bakin famfo na ji ɗaya tana ce wa ɗaya, wai ita ta san tun farko auren ba zai yi ƙarko ba. Kwana saba'in da wani abu, ni da mata da 'ya, amma ina kwana da gidan sauro sabo fil ba kowa a ciki.

Uzurin ƙarshe shi ya fi ƙarfi. Direban Alhaji ya tafi Legas neman arziki, don haka wai ba mai jan gara zuwa Nima. Alhaji yana da tsohuwar mota doguwa, mai layin kujeru uku, da wata ƙaramar tirela mai taya biyu da wani mai walda ya haɗa masa don ɗauko huhun goro daga tasha. Yana kuma da gareji, abin da ba kowa ke da shi a Mamobi ba, kuma yana alfahari da shi fiye da motar. Shi ya tsaya a kan magina ya auna da igiya da hannunsa. Dogo ne siriri, mota da tirela suna shiga tare, amma abin da zai rage a kowane gefe bai wuce tafin hannu ba. A bakin ƙofar ga gota, wato kwata, an ɗora mata faifan siminti biyu daidai faɗin taya. Alhaji bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, amma a baki ba abin da bai sani ba game da tuƙi.

Wata Asabar cikin damina surukata, Hajiya, ta aiko a ce in zo kafin la'asar, in zo da lasin ɗina. Ina shan kwanar lungunsu na ga abin da ya sa na kusa yin tuntuɓe. Mota tana waje, an turo ta da hannu tun Alhaji yana kasuwa, an maƙala mata tirela, an lafta kaya har ta durƙusa: buhun shinkafa, buhun masara, garin rogo, gishiri, doya, garwar manja biyu, katan ɗin sabulu, a can sama an kife bahon wankan jaririya an ɗaure da igiya. Garar ce. Na tsaya ina kallonta ina murmushi ni kaɗai a tsakiyar hanya.

Ana idar da la'asar sai ga Alhaji ya fito daga masallaci da carbi a hannu. Ya dubi mota, ya dubi kaya, ya dubi ƙofar gida inda Hajiya take tsaye tana gyara ɗankwali kamar ba ita ba. Shi ba ya faɗa a gaban jama'a. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama, can ta gefen teku hadari ya fara haɗuwa.

"Madalla," in ji shi. "Ga direba Allah ya kawo. Malam direba, ruwa nake gani. Shigar mini da ita gareji, in ya so mu zauna mu sa rana."

Na ce, "To, Baba."

Makullin motar yana cikin gida. Matata ce ta miƙo mini shi ta tagar ɗakin Hajiya, amma ba ta saki ba. Ta riƙe shi gam, ta yi ƙasa da murya.

"Ka ji ni da kyau. In tirela ɗin nan ya shiga gareji, Baba zai sa kwaɗo ya zuba makulli a aljihu. Mma ya ce sai bayan Babbar Sallah za ka gan ni."

"To ya zan yi? In ce masa a'a?"

"Wa ya ce ka ce a'a? Kai dai kada ya shiga."

"Ni? In kasa shigar da wannan 'yar abar? Kin san ko ni wane ne a Tema?"

"Nan Mamobi ne," in ji ta, ta saki makulli ta ja labule.

Na zauna a motar na duba madubi, sai na ji kamar in yi kuka. Aikin bai kai aiki ba. In ja gaba kaɗan, in karya sitiyari sau ɗaya, in miƙe, shi ke nan tana ciki. Yanzu an ce in kasa, kuma in kasa yadda ba zan fasa wa dattijo fitila ba, ba zan jefa taya a gota ba, ba kuma zai gane da gangan nake yi ba. Ban taɓa koyon kasawa ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Alhaji ne ya fitar da ni. Ya naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa, ya sa carbi a aljihu, ya koma bayan tirela ya tsaya. "Kada ka damu," ya ce. "Ni zan nuna maka. Abin da na ce kawai za ka yi."

Ga waɗanda ba su taɓa jan tirela ba: in kana komawa da baya, ita da mota ba sa jituwa. In kana son ta yi hagu, sai ka fara karya sitiyari dama. In ka karya hagu, dama za ta nufa. Duk wanda ya taɓa yi ya sani, Alhaji kuwa bai taɓa yi ba. Shi idonsa yana kan tirela, in ya ga tana bukatar hagu zai ce hagu. Nan take na gane ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na yi wata dabara ba. Biyayya kawai zan yi, irin wadda ake so suruki na gari ya yi.

"Taho. Taho. Hagu!"

Na karya hagu. Tirela ta ɗauki hanyar dama cikin natsuwa, ta nufi teburin wata mata mai sayar da dokunu a tsallaken lungu.

"Hagu na ce! Ƙara hagu!"

Na ƙara. Tirela ta naɗe ta zo ta tsaya a gefen mota, har ina iya ganin bahon wanka ta tagata ba sai na duba madubi ba. Mai dokunu, wata Bagā ce, 'yar asalin Accra, mai jiki, ta rungume tukunyarta tana ihu. "Ei, direba! In ka buga tebur na, kai ne za ka cinye duka!"

Na ja gaba na miƙe, muka sake. Wannan karon tirela ta ɗan karkata ɗaya gefen, Alhaji ya ce dama, na ba shi dama cikakkiya, ta tafi gaida bangon maƙwabci. Na uku ta nufi gota, na taka birki saura taki ɗaya. Na huɗu ban ma tuna inda ta nufa ba. Duk umarnin da ya bayar sai in leƙo in ce "To, Baba," in aikata shi daidai, ba ragi ba ƙari.

Kun san Zango. Kafin a jima duk wanda ya fito masallaci ya fasa zuwa inda zai je. Teloli sun bar kekunansu, masu dara sun bar dara, mata sun cika ƙofofi. Kowa ya zama direba. Wani yana ihu da Hausa, wani da Tiwi, wani da Turancin kasuwa, wani tsoho kuwa hannu kawai yake juyawa a iska kamar mai tuƙa tuwo. Wannan duk na jure. Abin da ya fi ƙona ni shi ne hirar da ake yi dab da tagata, kamar ba na wurin.

"Ba shi ne aka ce yana tuƙa atikuleta a Tema ba?"

"Wane atikuleta? Wataƙila wanke shi yake yi."

"Allah sarki, yarinya mai hankali, ga abin da ya samu."

Gumi ya jiƙa mini riga har wando. Ina ji ina gani sunan da na yi shekara takwas ina ginawa yana narkewa a lungu ɗaya. A karo na shida ko na bakwai wani mai hula ja ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ko jaki aka ɗaura wa tirelar nan da tuni ya shige. Aka fashe da dariya. Raina ya ɓaci, kuma da raina ya ɓaci sai na manta da kaina. Hannuwana suka yi abin da suka saba ba tare da sun yi shawara da ni ba. Ɗan karyawa kaɗan, ɗan sakewa kaɗan, sai ji na yi tayoyin tirela sun hau faifan siminti cif-cif, ta miƙe sambal, ta fara shiga gareji kamar an shafa mata mai. Jama'a suka ɗauki sowa. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, har ƙirjina ya buɗe.

Sai na duba madubi. A can ƙuryar gareji akwai wata ƙaramar ƙofa da ke shiga tsakar gida. Matata tana tsaye a bakinta da 'yarmu a kafaɗa. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta girgiza kai ba, kallona kawai take yi, kuma na ga idonta ya ciko. Rabin tirela ya riga ya shige. In na tsaya haka kawai kowa zai gane, in na ci gaba na rasa su sai bayan Sallah. Na rasa abin yi.

Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Ya ga aiki yana neman ƙarewa ba da bakinsa ba, sai ya matso ya ɗaga hannu don jama'a su san wanda ke jan ragama. "Yauwa! Yanzu ɗan taɓa dama!"

Ban taɓa jin daɗin umarni irin wannan ba. Na ce "To, Baba" da dukkan zuciyata, na taɓa dama. Gefen tirela ya goga bakin ƙofa, ƙuuu, wani ɓangaren filasta ya zubo, doya ɗaya ta sulluɓo ta gangara ta faɗa gota. Sowa ta koma salati. Na ja gaba da sauri na fito da ita gaba ɗaya, wai don kada ɓarna ta ƙaru. Alhaji ya tsaya yana shafa inda filastar ta ɓalle, kamar mai duba ciwo a jikin ɗansa.

Ina cikin godiya ga Allah sai ga wata sabuwar masifa. Wani abokina direban tasi, wanda muka yi makarantar allo tare, ya ratso jama'a ya leƙo tagata.

"Cale, abokina, kai ne ko wani ne? Wannan ƙaramin abu yana ba ka wahala haka? Sauka, sauka, ko minti biyu koraa ba zai kai ba."

Na yi masa ido, na taɓe baki, na yi duk alamar da fuska za ta iya yi. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce ta kama ni, ya dafa kafaɗata yana ce mini ba komai, kowa yana da ranar da ba tasa ba. Kuma ya iya, na san ya iya. Alhaji ya ce, "Ba shi motar ya gwada." Na buɗe ƙofa, ƙafata ɗaya har ta taɓa ƙasa.

A nan Hajiya ta yi magana, karo na farko tun da aka fara. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta tabbatar ta kai inda take so ta kai.

"Alhaji, gaban jama'a za ka sauke mijin ɗiyarka ka ɗora wani? Gobe me za a faɗa a Mamobi? Za a ce shi ya kasa, ko za a ce gidan Alhaji ba a san darajar suruki ba?"

Alhaji ya waiwaya. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya gyara hula ya ce wa abokina, "Bar shi, ɗana. Na gode. Shi zai yi." Na mayar da ƙafata cikin mota.

Amma abokina mutum ne mai son taimako, Allah ya shirye shi. Ya ce to ai abin mai sauƙi ne, a cire tirela daga mota, ga maza sun fi ashirin, a tura ta da hannu. Wannan kuwa ita ce shawarar da nake addu'ar kada ta zo wa kowa tun ɗazu. Maza suka fara naɗe hannun riga. Na dubi Hajiya, na ga ita ma wannan karon sama kawai take kallo.

Sai iska ta taso. Kwanon rufin maƙwabta ya fara kaɗawa, ɗigon farko ya faɗo a gilashi, manya-manya. Mutumin Accra zai tsaya kallon gobara, zai tsaya kallon faɗa da adda, amma ba zai tsaya wa ruwan sama ba. Telolin suka tuna kayan mutane suna waje. Mai dokunu ta ɗora tukunya a ka. Abokina ya tuna yanzu ne fasinja za su yi yawa, ya ce mini "Cale, sai anjima," ya ruga. Kafin in rufe taga lungu ya zama ba kowa, sai ni da Alhaji, da Hajiya da ta fito da tamfol a hannu, wanda daga ganin yadda aka ninke shi tun safe yake jiran aiki.

Muka rufe kayan mu uku ruwa yana dukanmu. Hajiya tana ɗaure igiya tana magana, ba ta kallon kowa. "Tamfol ɗin nan tsoho ne, ba zai kai safe ba. Ga gari, ga gishiri, ga shinkafa. Gidan yaron nan kuwa akwai inda za a sauke."

Alhaji ya daɗe yana tsaye, ruwa yana bin gemunsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai su gidanka."

"Kaya su tafi ba mai su?" in ji Hajiya. "Wa zai karɓa, wa zai jera?"

Ba a jira amsarsa ba. Matata ta fito da mayafinta, da jakarta, da 'yarmu a naɗe cikin tawul, a shirye tsaf har da kwalli. Alhaji ya dubi uwar, ya dubi ɗiyar. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya miƙa hannu ya karɓi jaririyar ya sa ta cikin babbar rigarsa, ya juyo gare ni.

"Da wannan tuƙin naka zan ba ka amaryata? Buɗe mini gaba. Da ni za a je."

Haka muka kama hanyar Nima, shi a gaba da jikarsa a ƙirji, Hajiya da matata a baya. Bai bar ni na wuce giya ta biyu ba. Kowane rami sai ya nuna mini, kowace kwana sai ya ce in yi hon. Ni kuwa ko a jikina. Ina jin ƙamshin turaren matata daga baya, ina jin 'yata tana ɗan gurnani cikin riga, farin ciki ya cika ni har ina neman yin waƙa.

Gidan da nake haya yana can ƙarshen wani lungu siriri mai lanƙwasa, gota a gefe ɗaya, bango a ɗaya gefen, ga tulin bulo da wani ya ajiye a tsakiya. A bakin ƙofarmu akwai rumfar kwano. Ina isowa abin da ya zo mini kawai shi ne, in aka tsaya a bakin titi kayan za su jiƙe kafin a kwashe, gara in kai tirela har ƙarƙashin rumfa. Ban yi wani tunani ba bayan wannan. Na wuce bakin lungun kaɗan, na sa ribas, na ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan a bayan kujerar Alhaji, na shige. Na kauce wa bulo, na bi lanƙwasa, na tsayar da ita daidai ƙarƙashin rumfa, ko sau ɗaya ban gyara ba. Na ja birkin hannu, ƙarrr, ina murmushi.

Sai na ji motar ta yi tsit. Ba abin da ke motsi sai abin share gilashi. A nan na tuna wanda ke zaune kusa da ni.

Alhaji ya sauke gilashin gefensa a hankali. Ya fitar da yatsu ya taɓa bango, ko hannu bai miƙe ba. Ya mayar da gilashi ya rufe.

"Malam direba."

"Na'am, Baba."

"Lungun nan da garejina, wanne ya fi faɗi?"

Na duba ƙasa, ba wurin durƙusawa a cikin mota. Na ce, "Garejinka, Baba."

A baya Hajiya ta kama tari, matata ta cusa fuska cikin mayafi. Ni kuwa na gama sallamawa, jira nake ya ce in juya mota a koma Mamobi da kowa da komai. Bai ce ba. Ya buɗe rigarsa ya daɗe yana kallon jaririyar, tana barci abinta. Ya yi addu'a a hankali ya tofa mata a ka. Sannan ya miƙo ta, ba ga uwarta ba, gare ni.

"Wannan da hannu biyu ake riƙe ta," ya ce.

Bayan an sauke kaya na mayar da su gida, shi da Hajiya. Ruwa bai tsaya ba, lungunsu ba kowa. Hajiya ta shige ciki. Alhaji ya sauka ya buɗe gareji ya koma gefe, wannan karon bai ce hagu ba bai ce dama ba. Na shigar da mota da tirela a tashi ɗaya, na fito ta taga don ƙofa ba ta buɗuwa a ciki. Ya leƙa lungu ta nan, ya leƙa ta can, ya tabbatar ba wanda ya gani. Ya ce, "Yauwa. A bar shi a haka."

Na yi masa sallama na kama hanya a ƙafa. Da na kai kwana na waiwaya, yana nan tsaye a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu, bai shiga ba. Gidan da wata biyu da rabi yake cike da kukan jaririya da hayaƙin ruwan wanka ya yi shiru. Duk tsawon kwanakin nan ni abin da nake gani shi ne wani dattijo mai taurin kai ya riƙe mini mata. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin gida zai koma ba in na kwashe su. Na tafi Nima ina murna, amma kunya ta raka ni har ƙofa, kuma har yau in na tuna tsayuwar nan tasa sai na ji wani abu a ƙirjina. Tun daga makon ban yarda Juma'a ta wuce ban kai masa amaryarsa ba.

Sunana kuwa bai farfaɗo ba a Mamobi. Shekara da shekaru in na ratsa lungun sai wani ya ɗaga murya ya ce "Hagu! Hagu na ce!" a yi ta dariya. Abokina ya ba da labarin a kowace tashar tasi, yana ƙara gishiri, har ya kai ga cewa bango guda na rushe. Ban taɓa kare kaina ba, don in na faɗi gaskiya na tona Hajiya da matata, na kuma nuna an yi wa dattijo dabara a ƙofar gidansa. Shi ma bai taɓa wanke ni ba, kuma na san dalilinsa. Har ya koma ga Allah, in wani ya tsokane ni a gabansa, sai ya ɗaga hannu cikin tausayi, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Ku ƙyale shi, yaron kirki ne. Tuƙi ne dai Allah bai ba shi ba."